Ranar da Ƙuda Ya Tare Wa Kaka Hoto

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙanwata Hadiza a gidanmu na unguwar Birni ba, ko da na so mantawa 'yan gidanmu ba za su bari ba.

Kakarmu, Kaka Fanna, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, in ban da na katin ɗan ƙasa. Ɗanta Kawu Ari kuwa shekararsa goma sha ɗaya a Libiya bai ga fuskarta ba, ko ta waya ba ta yarda a haska ta. Shi ya aiko mini da kamara mai tsada, da sharaɗi guda: in samo masa hoton mahaifiyarsa.

Ni kuma da kamara ta zo hannu sai na haukace da ɗaukar wasu ƙananan ƙudaje masu zanen rawaya kamar ƙudan zuma, waɗanda ke tsayawa cak a iska a kan fure. Ba su harbi (na sha faɗa wa mutane haka, ba wanda ya tambaye ni). In za ka ɗauke su sai ka murɗa idon kamara ya koma ganin abin da ke dab da hancinka kawai.

Ran bikin da hantsi ina kwance rubda ciki gaban furannin da Inna ta shuka a tsofaffin bokitai, sai ga Hadiza a guje.

"Yaya, tashi! Kaka ta yarda!"

Na ɗago na ga Kaka tsaye bayan furannin cikin farin lafaya, mata sun kewaye ta ana guɗa.

"Kai angon banza," in ji ta cikin wasan kaka da jika, "sau ɗaya tak, saboda Ari. Ka ƙara na biyu in fasa abin nan."

Na durƙusa a inda nake, na yi wani karkace kai irin na gwanaye, na danna. Ban duba ba. Wai ni ƙwararre!

Bayan la'asar aka ce a saka hoton a tele, wato talabijin, kowa ya gani. Ɗaki ya cika, har da dangin ango daga Tirmini. Na jona kamarar da tele, na ja baya ina murmushi.

Innalillahi! Ƙuda ne ya cika allon. Ƙato, jajayen idanu, gashin ƙafarsa ma kana iya ƙirgawa. Can bayansa wani farin abu dishi-dishi kamar an zubar da nono. Wannan ce Kaka. Ashe ban mayar da idon kamarar ba.

Wallahi na ji kamar in shige ƙarƙashin tabarma. Wata tsohuwa daga Tirmini ta ce, "To, Hajiyar ce wannan mai fukafukin?"

Kaka ta matsa ta daɗe tana kallo.

"Aika masa haka nan," ta ce. "In yana son ganin sauran, ya zo da ƙafarsa."

Na roƙe ta har da durƙuso, ta ƙi. Dole na aika. Kawu ya kira ya wanke ni tas. Amma da azumi sai ga shi a ƙofar gida da jakarsa, yana kuka tun daga zaure.

Yanzu ko jaki zan ɗauka da waya sai na duba sau uku. A Birni kuwa sunana ya ɓace, Mai Ƙuda ake ce mini, kuma Kawu ya karɓe kamararsa.