Zakaran Lauya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shiga kotu a Kafanchan da zakara cikin kwando.

Ƙanena Bulus aka kama. An yi rigimar iyakar gona a Kagoma, aka fasa wa wani kai da fartanya, aka ce shi ne, alhali ranar yana tashar jirgi yana lodin doya. Gidan yari ake maganarsa, mu kuwa ba mu da halin ɗaukar lauya. Sai ga wani dogon lauya daga Kaduna, wai gwamnati ce ta turo shi ya tsaya wa marasa hali, kyauta.

Kyautar nan ce ta hana ni sakewa. A wurinmu ko maɗori sai ka kai masa kaza, in ba haka ba ƙashi ba ya kamawa. Na kai wa lauya jan zakarana, ya ce, "Mama, aikina ne, ki mayar da abinki." Na ce a raina, wannan ba zai yi aiki da zuciya ɗaya ba. (Lokacin na fara ajin yaƙi da jahilci, gani nake ba wanda ya kai ni wayewa.)

Ranar shari'a na rufe kwandon da zane, na tura ƙarƙashin benci, nufina in tare lauya in an tafi hutu. Lauya na tsaka da yi wa shaida tambayoyi, zakara ya rangaɗa cara.

Alƙali ya cire tabarau. "Na wane ne?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma ni ce. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, na lauya ne, ya ƙi karɓa. Ina tsoron kada ya yi wa ƙanena aikin ganganci."

Kotu ta fashe da dariya. Lauya ya sunkuyar da kai. Bulus ya ce, "Yaya, don girman Allah ki zauna." Ɗan sanda ya raka mu waje, ni da zakara.

Na zauna gindin mangwaro ina ta addu'a, na tabbata na ɗaure ƙanena da bakina. Can da azahar sai ga Bulus ya fito, ba ankwa a hannunsa. Ashe lauya ya taka har tasha ya nemo magatakardan da ya ga Bulus wurin lodi. Na tashi na rungume shi.

Tun ranar, in an ce mini abu kyauta ne, godiya nake yi in ja bakina in yi shiru. Godiyar na iya. Shirun ne har yau nake koyo.