Rigunan Dominic Sun Samu Aikin Gwamnati

Jiya da rana ina layin mota a tashar Nyanya, zafi kamar ana gasa mutum, sai na ga fuskata a kan tumbin wani bawan Allah. Ba kama ba ce, ni ce, da ɗankwalina da maficina ina gasa masara. Tumbin ya buɗa ni har na yi kumatu, abin da rabona da shi tun ina budurwa. Kafin in kutsa in kai gare shi, ya haye motar masu kwashe kayan bakin titi, suka tafi da ni.

Ɗana Dominic ne ya zana wannan riga. Shi da abokansa suna da ɗan shago a bayan tasha, suna buga zane a kan tishat, da tambarinsu a wuya kamar na manyan kamfanoni. Wata ya sa mata cunkoson gadar Nyanya, wata lemun Zuba, wata kuma ni. Da zafi ya shigo, samari har daga cikin gari suke zuwa saye. Saboda girmansu nakan ce masa riga ce ko buhu, ya yi dariya ya ce, "Mama, yayi ke nan." Bara, gab da faɗuwar damina, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya bar min jaka guda ta waɗanda bai sayar ba.

Lahadi mai zuwa za mu yi addu'ar cikarsa shekara a coci, kuma a wurinmu ba a yin ta sai da anko. Na ce ba zan sayi atamfa ba, abokansa da 'yan'uwa su sa aikin hannunsa. Rigunan sun yi warin ajiya, sai makon jiya na wanke na shanya a igiya a ƙofar gida, na shiga ɗora tukunya. Ina fitowa na tarar da igiya, ita ma rabi.

Maƙwabciyata Azumi mai fura ta ce, "Maman Dominic, masu kwashe kayan bakin titi ne suka zo. Wallahi na faɗa musu wanki ne. Ogansu ya taɓa ya ji danshi, ya ce sabuwar dabara ce ta 'yan kasuwa."

Na ce, "Bai ga bokiti da sabulu ba?"

Ta ce, "Ya gani. Suna cikin motar."

Ni ban yi nisa a boko ba, shi ya sa ban san shanya kasuwanci ba ce. Amma a yaba musu. Kwatar layinmu ta toshe har yara sun sa mata suna, ramin titinmu ya ci tayar mota ba adadi, duk ba a gani ba, amma jiƙaƙƙiyar riga daga nesa aka hango ta. Irin wannan ido ba kowa Allah ya ba wa ba.

Na ɗaura zane na tafi nema. Tun da aka dawo da kujerar mulki daga Legas aka ce wa mahaifina ya matsa da gonarsa gari zai zauna, na lura kujera a garin nan ba ta son zama wuri ɗaya. Na je ofishinsu, an ce sun tashi. Na je inda suka koma, an ce in hau sama. A sama aka ce Mai Girma Uban Kyawun Gari ya tafi taron ƙarfafa sana'ar matasa. Sai mataimakinsa na samu, yana cin gyaɗa.

Ya ce, "Madam, duk kayan da aka kama ƙonawa ake yi. Naki an ƙona."

Bai rufe baki ba wani ma'aikaci ya shigo da fayil a hammata, gadar Nyanya a ƙirjinsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wutarku tana da tausayi. Ta ƙona riga ta bar ta a goge."

Ya ce irinta ta cika gari, ya ci gaba da gyaɗarsa.

Na so in yi faɗa, amma rigar ta zauna wa mai fayil ɗin. Kafaɗarsa irin ta Dominic ce, har da ɗan ranƙwafawar nan. Na tsaya ina kallonsa har ya tsargu ya fita. Na sauko a hankali, ina riƙe da ƙarfen bene.

To, tunda ankon yana hannunku, masu girma, ga gayyata. Ku zo cocinmu ranar Lahadi, kowa da rigarsa. Bencin gaba naku ne. Abokan Dominic za su zauna a baya da tsofaffin kayansu, su ga aikinsa ko daga ƙeya ne. Akwai shinkafa, akwai zoɓo mai sanyi.

Abu ɗaya nake sanar da ku tun yanzu. Bayan an tashi za mu kafa rumfa a ƙofar gida, mu jera kujeru da kuloli. Don Allah a gaya wa oga, ba sayarwa muke ba.