Ranar da na kira Ishaku ɓatacciyar tunkiya

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadin matasa ba, kuma ko na so mantawa 'yan zumuntar mata ba za su bar ni ba. Cocinmu a Gumel ƙarama ce, kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. Ni ne shugaban matasa, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai.

Muna da wani yaro Ishaku, ɗan acaɓa, shi ke kaɗa mana ganga. In babu shi, waƙarmu sai ka rantse zaman makoki ake yi. Ana cikin shirin bikin matasa sai ya ɗauke ƙafa. Na kira wayarsa sau ɗaya, a kashe. Wani ya ce kamar ya hango shi a kasuwar Maigatari, ni kuwa na riƙe wannan “kamar” ɗin gam. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Ni zan bi yaro har gida ina lallashi? Yaron da na koya wa karatun Littafi Mai Tsarki? (Gidan nasu fa ko ruwa ka ɗora a wuta ba zai tafasa ba ka isa.)

Ranar biki aka ba ni in yi wa'azi a kan Ubangiji makiyayi. Na fara lafiya lau, na yi bayanin yadda yake barin garke ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓata. Sai idona ya faɗa kan gangar nan a jingine, zuciya ta ɗebe ni. Na ce akwai tumakin da ba ɓata suka yi ba, tsabar taurin kai ne, sun fifita ɗaukar fasinja a kan sujada. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma bakina ya riga ya kwance, sai da na ambaci sunan.

Wata mata ta miƙe daga baya tana gyara ɗaurin zane. Mama Rifkatu ce, uwar Ishaku. Sai a lokacin na tuna ita ma na daɗe ban gan ta ba.

“Malam, ka gama?” in ji ta. “Tunkiyar taka tana Ɗanzomo wurin mai ɗori, mota ce ta buge shi a hanyar Sule Tankarkar, ƙafa ta karye. Da gangan ban aiko ba. Cewa na yi bari in ga wanda zai neme shi. Jiya na dawo ɗaukar kaya, na ce in shigo in gode wa Allah, ashe zagin ɗana zan tarar.”

Fasto ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Ni kuwa gumi har cikin safa. (Ban san me ya kai ni ba, wai sai na ji bakina ya ce, “Mu tashi mu yi waƙa.” Ba wanda ya motsa.)

Washegari na sayi lemo na hau motar Ɗanzomo, ina tafe ina jin haushin kowa: haushin mai hange a Maigatari, haushin Mama da ta zaɓi gaban jama'a, sannan babban haushin, wanda ba ni da wanda zan ɗora wa. Na tarar da Ishaku kwance a kan tabarma, ƙafa ɗaure da karare, ya rame. Gefensa abokan sana'arsa ne, su Sani da Habu, Musulmi, waɗanda suka kwaso shi daga titi, kuma tun ranar suke karɓa-karɓar zuwa da fura da abinci.

Sani ya ba ni wuri ya ce, “Ishaku, baƙo ka yi? Daga ina?”

“Malaminmu ne na coci,” in ji Ishaku, bai ko dube ni ba. “Shi ke kula da mu matasa.”

“Allah sarki,” in ji Sani, kuma wallahi ba da gatse ba. “Ashe kuna da mai kula da ku.”

Ishaku ya warke, ya dawo sujada, amma bai sake zuwa taron matasa ba har na sauka daga muƙamin. Tun daga nan, in yaro ya ɓace mini, takalmina nake fara nema kafin in buɗe baki.