Ƙafar Malam Dabo a Kan Birki

"...lafiya lau, alhamdulillahi. Ina gajiyar tafiya? An ce tun hantsi ka baro Jigwada, ga shi sai da azahar ta gabato ka iso Sabon Gari."

"Gajiya ta bi lafiya, Amarya. Haka ake gaida miji, a tsaye kamar turken wuta? Ko a jami'ar taku an cire durƙuso daga manhaja?"

"In durƙusa cikin baƙin mai? Saya mini zane tukuna, Ango."

Wannan gaisuwa ta gudana ne ranar wata Laraba a garejin Godfrey bakanike, a Sabon Garin Keffi, tsakanin Malam Dabo, tsohon shugaban makarantar sakandare, da jikarsa Hamdiya, wadda ta kammala karatun injiniya a bara. A tsakaninsu ga abin da ya tara su: wata ƙaramar mota fara mai ƙofa biyu, wadda Malam ya saya shekara ashirin da shida da suka wuce, an ɗaga gabanta a kan jak. Wata ƙungiyar masu sha'awar tuƙi ta killace fili a hanyar Gitata, inda ranar Asabar kowa zai zagaya da motarsa shi kaɗai ana auna masa lokaci. Hamdiya ta rubuta sunanta, Malam kuma ya yi alkawarin ba ta aron motar. Sai dai masu filin sun kafa sharaɗi: ba motar da za ta shiga sai takalmin birkinta, wato abin da ke matse faifan taya don mota ta tsaya, ya kasance mai jure zafi. Godfrey ya ajiye kwali biyu a kan benci, fari na yau da kullum, ja mai jure zafin. Wanda mai mota ya nuna, shi za a ɗaura.

"To, nuna masa jan kwalin nan mu tafi," in ji Hamdiya. "Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Sannu, mai ba da umarni. Na ce zan ba ki aron mota, ban ce zan ba ki aron ƙafafunta ki sauya musu takalmi ba."

"Takalmin da ke ƙafarta na zuwa masallaci ne. Ni kuwa gudu zan yi."

"Gudu! Wa ya biyo ki? Mutum ba ya gudu sai in ya yi sata ko ya ga maciji. Wanne kika yi?"

"Tsufa nake gudu. Na gan shi a gidanmu, bai yi mini kyau ba."

"Zai tarar da ke kafin ki sha kwana ta biyu. Ki ji ni da kyau, yarinya. Na karanta takardar da ke cikin jan kwalin nan sau biyu, da jan biro a hannu. Abu biyu ta faɗa. Na ɗaya, wannan takalmi ba ya kamawa sosai sai ya ɗauki zafi. Na biyu, yana kuka. Ni kuwa da sanyin safiya nake fita, kuma ban saba a ji zuwana ba. Shekara talatin da biyar ina kama malamai masu makara, ba wanda ya taɓa jin takuna."

"Ai yanzu ma ba mai jin zuwanka, Ango. Kafin ka iso an watse."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Ƙarasa karin maganar mana, Malam. Sai dai a daɗe ba a je ba. Ranar nan masu ɗauke da makara a kafaɗa suka tarar da kai a hanya, suka ce don Allah ka ba su wuri, suna sauri."

"Ƙarya kike. Girmama mamaci na yi."

"Akuyar gidan maƙwabciyarka Maimuna fa da ta wuce ka tana ɗingishi? Ita ma girmama ta ka yi?"

"Wannan akuya ba ta da iyali. Ni ina da mata irinki da zan ciyar, mai ci kamar fara. Godfrey, in kana da takalmin birki na baki, shi za ka fara ɗaura wa wannan. Wadda ba ta iya tsayar da harshenta ba, ita ce za ta tsayar da mota?"

Godfrey, wanda ke durƙushe yana kwance tayar hagu, bai ɗago ba. "Baba, ni ba na shiga faɗan miji da mata."

"Ka yi hankali," in ji Malam. Ya juya ga jikarsa. "Ke da kike maganar gudu, wa ya koya miki keke? Wa ya riƙe miki sirdi kina kuka kina kiran uwarki?"

"Kai ne. Ka riƙe tun ina aji ɗaya, ka ƙi saki har na shiga aji shida. Duk yaran unguwa sun ɗauka keken mai ƙafa huɗu ne, biyu na roba, biyu masu silifas."

"Kuma ranar da na saki, ina kika kwana? A cikin kwata."

"Don ba wanda ya taɓa bari in koyi birki. To, bari in koya maka yau, tunda ka yi ritaya daga koyarwa. Zauna, ɗalibi."

"Ga ƙwai yana yi wa kaza darasi."

"A filin nan, kowane zagaye akwai kwana tara da za a sha. Kowace kwana sai na taka birki da ƙarfi. Takalmin yau da kullum, in ya sha irin wannan taku sau ashirin a jere, zafi yake yi ya sake, ka taka ka ji kamar ka taka tuwo. Jan kwalin kuwa, zafin ne abincinsa. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Asabar ɗinki yini ɗaya ce. Sauran kwana ɗari uku da sittin da huɗu nawa ne. Ni mutum ne da ba ya wahalar da birki. Shekara ashirin da shida, ban taɓa taka shi da fushi ba. Ina hango tsayawa tun daga nesa, motar ta tsaya don kanta saboda tarbiyya. A ƙafata wannan jan takalmin ba zai taɓa ɗumi ba, balle zafi. So kike in fito da safe in taka ya ƙi kamawa, in shige teburin mai shayi, ki ci gadona?"

"Wane gado? Ƙamus uku da lema?"

"Ƙamus huɗu. Godfrey, ciro tsohon takalmin ka nuna mata. Wata huɗu ke nan da ka ɗaura shi. Za ta gan shi sabo fil, kamar yau aka ɓare shi daga kwali. Gani ya kori ji."

Godfrey ya dubi tayar. Ya sosa ƙeya da bayan hannu.

"Baba, ko a bar shi?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciro shi."

Bakaniken ya miƙe, ya ɗora abin a tafin hannunsa. Abin da ya kamata ya yi kaurin yatsa ya suɗe ƙarƙaf, ba abin da ya rage sai ƙarfe tsirara yana ƙyalli. Hamdiya ta karɓa, ta juya shi, sannan ta leƙa faifan tayar, ta ga gefensa ya yi shuɗi-shuɗi irin na ƙarfen da ya sha wuta.

"Ango," ta ce a hankali, "wa ya ci wannan?"

"Ɓera."

"Ɓera mai cin ƙarfe?"

"To jabu ne. Godfrey, ka cuce ni."

"Baba, wallahi ba jabu ba ne. Wannan shi ne na uku a shekarar nan. Na so in faɗa maka tun tuni, kunya ta hana ni. In ka sa giya ka gama, ƙafarka ta hagu ba ta komawa ƙasa. Kan birki take komawa ta kwanta. Daga Jigwada har nan, dama tana ba da wuta, hagu tana riƙe da birki. In ka iso, sai na jira rabin awa kafin in iya taɓa tayar."

Hamdiya ta dafa motar, ta yi dariya har mayafinta ya zame.

"Ashe shi ya sa! Ashe shi ya sa 'yan keke suke ce maka Malam Jan Wuta! Fitilar birkinka ba ta mutuwa. Na bayanka yana ta jiran ka tsaya tun daga gida, kai kuma ba ka tsaya ba, ba ka tafi ba."

Malam Dabo ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga haɓa.

"Wannan tsari ne, ba kuskure ba. Malamin kirki ba ya ajiye bulala ko da ba duka zai yi ba. A kan tebur take zama, aji ya gan ta. Motar nan ta san ƙafata tana nan, shi ya sa ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba."

"Shekara ashirin da shida kana zane baiwar Allah ba ta yi laifin komai ba. Kuma kai ne mai cewa takalmi ba zai yi ɗumi a ƙafarka ba? Duk Keffi ba birkin da ya kai naka zafi. Ana iya gasa masara a tayarka. Jan kwalin nan ma don kai aka ƙera shi, ni ɗin aro zan yi."

"Tsakani da Allah, Baba," in ji Godfrey, "wannan jan ba irin na 'yan tseren gaske ba ne. Ko da sanyi yana kamawa, sai dai ka ɗan ƙara nauyin ƙafa. Amma wannan kwanciyar ƙafar dole ka daina, in ba haka ba faifan zai cinye. Kukan kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, yana yi."

"Kin ji ko?" Malam ya ɗaga yatsa kamar mai kama ɗalibi da satar amsa. "Hujja ta ɗaya ta faɗi, na yarda. Ta biyu tana nan daram. Ni Dabo, in doso masallacin Juma'a motata tana ƙiii kamar injin markaɗe, tsofaffin ɗalibaina suna waiwaye? Mutunci madara ne. Ɗaura farin kwali."

"Ango, in aka ɗaura farin, ba za su bar ni in shiga ba."

"Sai ki zauna gida ki koyi tuwo. Naki har yau gudaji ne."

Godfrey ya ɗauki farin kwalin. Hamdiya ta dubi jan kwalin. Ta ajiye suɗaɗɗen ƙarfen a kan benci, ta goge hannunta da tsumma. Malam ya jira amsa, bai samu ba, abin da bai taɓa faruwa tsakaninsu ba tun ranar da ta iya magana.

"Harshen ya mutu ne?"

"A'a. Motarka ce. Izzuddeen dai ya yi gaskiya."

"Wane ne haka?"

"Shi ke rubuta sunaye da auna lokaci a filin. Mu ashirin da uku ne, ni kaɗai ce mace. Da na faɗi motar da zan kawo, sai ya ce in riƙe takardata, kada in ɓata musu layi. Wai kwalin ashanar kakana ko ƙofar fili ba zai wuce ba. Wai tsoro gado ne a gidanmu, ranar Asabar zan aiko cewa kaina yana ciwo. Duk suka yi dariya."

Malam Dabo ya cire tabaransa. Ya goge shi da gefen babbar riga, a natse, ya mayar.

"Izzuddeen ɗan wa?"

"Ɗan Alhaji Ubale, mai shagon fenti."

"Mai manyan kunnuwa?"

"Shi."

"Wanda ya maimaita aji uku sau biyu a hannuna? Wanda na tambaye shi bakwai sau takwas ya ce bari ya je gida ya yi shawara? Shi aka ba agogo ya auna lokaci?" Muryarsa ta tashi har wani mai acaɓa da ke wucewa ya waiwayo. "Kwalin ashana! Motar da ta kai shi asibiti ranar da ya faɗo daga mangwaron makaranta! Godfrey!"

"Baba."

"Ajiye wannan farin. Kawo ja."

"Baba, kukan fa?"

"Ta yi! Ta yi kuka daga nan har Gitata, a ji ta a shagon fenti. Ka sauya man birkin ma, ka duba kowace taya, ka duba bel. In ka bar ƙusa ɗaya a sake, ni da kai ne."

"Ango, masallacin Juma'a fa? Mutunci madara ne."

"Rufe mini baki. Ki saurara, don ba na maimaita darasi. Ke raguwa ce, ba ki iya tuwo ba, bakinki ya fi ƙafarki sauri, kuma ban taɓa auren mace marar ladabi kamarki ba. Amma ni kaɗai nake da lasisin faɗar haka. Duk wanda ya faɗa ba ni ba, ya yi tuƙi ba takarda."

Ya zura hannu cikin aljihu, ya ciro makullin, ya riƙe shi sama da tafin hannunta bai saki ba.

"Saki mana."

"Ina saki. Ki ɗaura hular kwano. Ki taka birki kafin kwana, ba a cikinta ba."

"Yanzu kai ne za ka koya mini taka birki?"

"Duk Keffi wa ya fi ni daɗewa a kansa?"

Makullin ya faɗa hannunta.

"In kika zo ta ƙarshe," in ji Malam, "na sake ki, saki uku, a gaban ɗan Ubale."

"In na zo ta farko fa?"

Tsohon ya yi ƙoƙarin tsuke fuska, ta ƙi tsukuwa. Dariya ta ƙwace masa har ya dafa kafaɗar Godfrey.

"Sai in ce ni na koya miki."