Ranar da Na Shanye Furar Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da zuwana gaisuwar surukai a Birniwa, ina sabon malamin firamare a Haɗeja, zamanin da arzikin fetur ya fara shigowa. Ana saura 'yan kwanaki, haƙorin nan na can ƙurya, mai fitowa bayan mutum ya girma, ya tayar mini da hankali. Na je Kano aka cire shi, kumatu ya yi suntum. Na ce wa likita, "Don Allah ka rufa mini asiri, neman aure za ni!" Ya yi dariya, ya ba ni wasu 'yan ƙwayoyi masu saukar da kumburi, wai sitiroyid. Ya ƙara wani bayani a kan cin abinci, amma ni hankalina yana wurin Hauwa, yarinyar da nake nema.

Kai, magani ya yi! Kumburi ya sace, ciwo ya ɗauke, jikina har rawa yake don daɗi. A mota na ishi Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata da ya raka ni, da surutu. Sai dai wata irin yunwa ta taso mini, wadda ban taɓa jin irinta ba.

Su Hauwa Fulani ne, kuma a wurinsu mai neman aure ba ya cin abinci a gaban suruki. Za a kawo, ka sunkuyar da kai, ka ce alhamdu lillahi. (Na san wannan sarai, kada ku ce ba a gaya mini ba.) Aka dire ƙwarya fal da fura, kindirmo na ta ƙamshi. Na ce bari in kurɓi ludayi ɗaya saboda magani. Wallahi ban farga ba sai da na ji ludayi yana kankarar gindin ƙwarya. Kawu yana ta zungurina da gwiwa. Na ɗago kai, ga mahaifin Hauwa yana kallona, bakina kuwa ya riga hankalina: "Baffa, da ƙari?"

Can cikin gida mata suka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina shi ke nan, Hauwa ta kuɓuce.

Tsohon ya shafa gemu, sannan ya dubi Kawu. "Mun ba shi. Amma shanu biyu zan haɗa wa yarinyar, don nonon guda ba zai riƙe wannan ba."

Tun daga ranar, in aka ba ni magani, kafin in tambayi sau nawa ake sha, sai na fara tambaya ko ana zuwa gidan mutane da shi.