Ranar da Na Sa wa Jirgin Sama Rigar Fata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙona jirgin sama a gaban soja ba. (Kada ka zabura, ba wanda ya mutu. Jirgin duka-duka bai fi tsawon hannuwana biyu a buɗe ba. Girman kaina ne ya ji jiki, shi ma daga baya ya ɗan farfaɗo.)

Lokacin ina da shagon gyaran rediyo a Ƙofar Marke. Zamanin ne da arzikin mai ya shigo ƙasa, soja na mulki, duk wanda ya samu 'yan canji sai ya sayi rediyo mai kaset ya rataya a kafaɗa. Rediyo kuwa ba ta shiri da zafin Sakkwato, saboda haka aiki ba ya yanke mini. Liƙa waya da dalma na iya shi, wannan ko maƙiyina zai shaida. Abin da ban iya ba shi ne in buɗe baki in ce ban sani ba. Har allo na sa aka rubuta mini a ƙofar shago: INJINIYAN ƘOFAR MARKE. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina.

Wata Litinin da hantsi sai ga Malam Haliru a kan babur, da wani abu naɗe cikin zane a bayansa. Malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke hanyar Wamakko, bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Da ya kwance zanen, sai da na miƙe tsaye. Jirgin sama ne sak, da fukafukai da wutsiya da farfela a hanci, an yi shi da wani katako mara nauyi wanda za ka ɗaga da yatsu uku. A cikinsa akwai ɗan inji da batir. Ga kuma wani akwati mai eriya da 'yan sanduna biyu, wanda in ka taɓa su daga nesa sai wutsiyar jirgin ta motsa. Ba igiya, ba zare. Ni da nake ganin na gama sanin rediyo, ban taɓa tunanin muryar da ke tafiya a iska tana iya murɗa wutsiya ba.

Shekara guda ya yi yana haɗa shi. Kuma ba don wasa ba. Makarantarsu ba ta da ɗakin kimiyya, da alli yake zana wa ɗalibai batir a kan allo. Ran Alhamis za a yi bikin ba da kyaututtuka, wani Manjo daga ofishin gwamna zai zo, shi ne Malam yake so ya tashi jirgin a gabansa ko Allah ya sa roƙonsu ya shiga kunne.

"Injiniya," in ji shi, "jiya nig gwada shi hwadama, sai wayag ga ta ƙone. In jirgin ga bai tashi ba ran Alhamis, ɗakin da nika roƙo ya tahi ke nan."

Na leƙa, na ga waya ɗaya tsakanin batir da inji ta yi baƙi ƙirin, robarta ta narke. Na ce, "Malam, wanga ai ba aiki ba na. Tahi abinka, ka komo Laraba."

Yana fita na yanke ƙonanniyar wayar na jefar. Kauri gare ta, mummuna. Na ciro wata siririya ja mai sheƙi daga cikin wata tsohuwar rediyo, na liƙa ta da dalma tsaf-tsaf. Na kunna, farfela ta juya har takardun shago suka tashi. Na ji injin yana ɗan gurnani kamar mai ɗauke da kaya, na ce ai muryarsa ce haka, na kashe.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. To amma ka san mu Sakkwatawa, duk abin da muke ganin darajarsa sai mun yi masa sutura da fata. Littafi da gafakarsa, wuƙa da kubenta, rediyo ma sai an ɗinka mata riga kafin a fita da ita. Na dubi batirin nan tsirara, wayoyi na reto, ga wasu 'yan ramuka a ƙarƙashin hancin jirgin da na ɗauka mantuwa ce aka yi ba a toshe ba. Na ce wannan abu zai je gaban manya a haka? Sai na kira maƙwabcina Baba Altine baduku, dattijon da ya fi shekara arba'in yana aikin jar fatar akuya.

Ya ɗauki batirin ya jujjuya a tafin hannu. Ya ce, "Yaro, abin ga ɗumi gare shi awa ɗan tsako. In munka ɗamre shi, ta ina za shi shan iska?"

Na ce, "Baba, kai dai ɗunka. Ilimin lantarki daban na."

Ya ɗinka. Wallahi aiki ya yi kyau: jar fata luf-luf ta rungume batir da wayoyi, da koren zare a gefe, har da ɗan leɓe da ya rufe ramukan nan. Na kuma sa ya buga mini sunan shagona a jiki da ƙarfensa na zane. (I, na sani. Bar ni kawai in ƙarasa.) Na mayar da murfi na rufe. Da Malam Haliru ya zo ran Laraba yana sauri, ya kunna ya ga farfela na juyi, ya yi ta sa mini albarka. Ban gaya masa zancen rigar ba, wai so nake ya gani da kansa ya yi mamaki.

Ran Alhamis na sha babbar riga fara, na ɗauko Baba Altine a bayan keke don ya ga aikinmu. Filin makaranta ya cika maƙil. Na laɓaɓa wajen mai sanarwa na raɗa masa magana, shi kuwa ya saki murya a lasifika cewa jirgin Malam Haliru zai tashi "da taimakon Injiniyan Ƙofar Marke." Na miƙe na ɗaga hannu biyu, na juya gabas na juya yamma, don kada wani ya ce bai gan ni ba.

Sai Malam ya ajiye jirgin a ƙasa ya ja da baya da akwatinsa. Jirgin ya yi gudu kaɗan, ya ɗaga hanci, ya rabu da ƙasa.

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Abu ne na katako da na riƙe da hannuna, ga shi can sama yana kewaya makaranta, rana na walƙiya a fukafukinsa. Malam ya ɗan taɓa sanda, ya karkata hagu. Ya sake taɓawa, ya yi sama har shirwa biyu da ke shawagi suka watse. Manoman da ke gonakin gefe suka yar da kalme suka tsaya baki buɗe. Wani tsoho a bayana sai cewa yake, "Subhanallahi, kuma ba kowa ciki!" Manjo da kansa ya tashi daga kujera ya cire baƙin tabarau. Ni kuwa hawaye na ji a kumatuna, na manta da kaina ɗungurungum, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Ana cikin haka sai wani siririn hayaƙi ya biyo bayan jirgin. Ƙarar injin ta shaƙe, ta ɗauke. Mata suka sa salati. Malam Haliru bai ko ƙifta ido ba, ya yi ta lallaɓa sandunan nan, jirgin ya riƙa saukowa a hankali ba inji, kamar balbela za ta sauka bakin gulbi, har ya dire a tsakiyar fili. Iska ta kwaso warinsa ta kawo mana rumfar manya. Ba warin roba ba ne. Warin babbakar kan rago ne na ranar Layya, ba wanda bai gane shi ba.

Manjo ya nufi jirgin, soja biyu na biye da shi. A zamanin nan kuwa, kan abin da bai kai wannan ba an sa mutum tsallen kwaɗo daga kasuwa har tasha. Na duba hanyar gudu, na ga na riga na nuna wa kowa fuskata.

Abin mamaki, sai mutumin nan ya durƙusa a ƙasa da kakinsa mai sitaci. Ashe a sashen sadarwa na soja ya yi aikinsa, wayoyi ne abincinsa. Ya buɗe murfi, ya shinshina, ya zaro ƙunshin fata yana hayaƙi. Mai sanarwa, sarkin shisshigi, ya riga ya kai masa abin magana kusa da baki. Manjo ya karanta a hankali, duk filin na ji:

"Injiniyan... Ƙofar... Mar..." Sauran ya ƙone. "Ina yake?"

Ba wanda ya nuna ni. Kawai mutane suka dare, aka bar ni tsaye ni kaɗai da babbar riga.

"Zo ka tsuguna nan," in ji shi. Na tsuguna ina jiran mari. Ya tambaye ni me na taɓa a ciki, na gaya masa zancen wayar da ta ƙone na canza. Shi kuwa ko kallon inda ya ƙone bai yi ba tukuna. Farfela ya fara juyawa da yatsa, ya ce in juya in ji. Na ji ta da tauri. Ya sa tsinin wuƙa a gindinta, ya yi ta warwarowa, sai ga wani dogon zaren ciyawar fadama da ya naɗe a wuyan injin.

"Ka ga wanda ya ƙona wayar farko," ya ce. "Inji na fama, yana jan wuta fiye da ƙima. Wayar da ta ƙone ba ita ce mai laifi ba, ita ce ta kawo ƙara." Ya bi da yatsa zuwa 'yar jar wayata, wadda ta koma kamar gashin da aka babbake. "Wannan kuma murya aka yi ta ta ɗauka, ba ƙarfi ba. Ka ɗora wa akuya kayan raƙumi." Sannan ya ɗaga fatar sama. "Ga shi ka toshe masa hanci. Ba wanda ya gaya maka abu mai zafi yana son iska?"

Daga cikin taro sai aka ji tari, sannan muryar Baba Altine, tar a kunnen kowa: "Na hwaɗa mai, ranka shi daɗe."

Dariyar da aka yi, ina jin har can unguwar Runjin Sambo an ji ta. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Manjo bai yi dariya ba. Ya aika aka yanko waya mai kauri daga kayan gyaran motarsa, Malam Haliru ya kawo batirinsa na biyu. Babu lantarki a filin, sai aka ɗora ƙarfen dalma a garwashin mai tsire. Da ya yi zafi, Manjo ya duba liƙin da na yi a da, ya ja shi da ƙarfi bai cire ba. Sai ya miƙo mini ƙarfen.

"Hannunka ya iya," ya ce. "Kanka ne ba ya tambaya. Liƙa."

Zufa na ɗiga a kan aikin riga, na liƙa. Ban taɓa yin dalma da addu'a irin ta ran nan ba. Ya sa aka kunna injin a ƙasa, ya riƙe wayar da yatsu biyu yana jin ɗuminta har ya gamsu, sannan ya ɗaga wa Malam kai.

Jirgin ya tashi karo na biyu, tsirara yadda mai shi ya yi shi, muryarsa wasai ba gurnani. Ya yi sama har ya zama ɗigo, sai da muka sa hannu a goshi. Ya dawo ya wuce ta kan rumfa, manya suka sunkuya suna dafe huluna. Wannan karon ban ɗaga wa kowa hannu ba, kallo kawai na yi, ina mamakin jirgin, ina mamakin mutumin da ya karanta cikinsa kamar wasiƙa.

Da ya sauka, Manjo ya tambayi shugaban makaranta ina ɗakin kimiyyarsu. Shugaba ya nuna masa gindin wani itacen dogon yaro. Manjo ya dubi itacen, ya dubi guntun fatar da ke hannunsa, ya dube ni.

"Garin da injiniyansa ke ɗinka wa batir riga," ya ce, "ai ɗakin kimiyya ya zama dole."

Kafin damina ta zagayo an aza harsashi. Har Malam Haliru ya bar aiki, duk sabbin ɗaliban da suka shiga ɗakin nan sai ya gaya musu mutum biyu ne suka samo shi: ɗaya ya nuna wa hukuma amfanin ilimi, ɗaya ya nuna mata illar rashinsa. Mutumin kirki ne, bai taɓa kama suna ba. Ni dai abin da na koya shi ne, in Allah ya tashi yin alheri da kai, ba sai ka iya komai ba. Amma in da hali, ɗan'uwa, yi tambaya, don a buga misali da kai ta ɗaya gefen.