Ruwan Ranar Laraba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran, da shekarar da na jawo wa layinmu asarar bohol. Da hannuna na yi, kuma da rubutu mai kyau.

A Romi muke zaune. Ƙungiyar ci gaban unguwa ce ta kawo tsarin: kowane layi a samu mutum ɗaya ya riƙa zaga gidaje sau ɗaya a wata yana rubuta halin da ake ciki. Wa ya kwanta ciwo, ɗan wa ya daina zuwa makaranta, akwai ruwa a gida ko babu. In shekara ta zagayo sai a haɗa, a ga inda ake gaba da inda ake baya. Matan layinmu suka ce ni zan yi. (Lokacin ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, ko lissafin cefane da biro nake yi don a gani.)

Sakatariyar ƙungiyar, Madam Rifkatu, ta ba ni littafi ta ce, "Maman Godiya, maganar ruwa ban da tambaya. Ki buɗe durom ki gani da idonki."

Na ce to. Sai dai ni a gidanmu ba a koya mini faɗa wa mutane gida kamar masu yankan wuta ba. Don haka duk Lahadin makon da zan zaga, in an tashi daga coci sai in bi matan ɗaya bayan ɗaya in ce, "Laraba ina tafe." Hajiya Asabe da ke ƙarshen layi kuwa har ƙofa nake zuwa in gaya mata.

Laraba in je, in buɗe durom, in tarar da shi cike har baki. In rubuta "akwai". Gida na gaba, akwai. Har cikin bazara, lokacin da guga ke dawowa daga rijiya da laka, littafina akwai ne daga sama har ƙasa. Na ce ikon Allah. (Ni kaina duk Talatar makon zagaye da yamma sai na tare Malam Iro mai ruwa na sayi jarka shida, don ba zan rubuta sunan mijina in sa "babu" a gabansa ba. Ban taɓa kawowa cewa sauran matan ma suna da mazaje ba.)

Ranar taron ƙarshen shekara aka cika ajin firamare maƙil. An manna kwalaye a allo, kowane layi da zanen yadda ya samu ruwa a shekarar. Na wasu ya hau ya sauka kamar hanyar ƙauyenmu. Namu kuwa a miƙe yake can sama, ko lanƙwasa babu.

Ciyaman, Baba Yohanna, ya ce, "Ina Maman Godiya? Ku tafa mata. Wata goma sha biyu ba ta tsallake gida ko ɗaya ba."

Aka tafa, aka ba ni kyautar sabon bokiti. Har na rusuna.

Sai ya gyara tabarau. Ya ce wani ɗan unguwa da Allah ya buɗa wa ya yi alkawarin bohol guda ɗaya, kuma kwamiti ya riga ya sa hannu: za a haƙa a inda littafi ya nuna an fi wahala, wato layin bayan makaranta. "Layin su Maman Godiya kuwa, sai mu ce Allah ya ƙara."

Maman Bulus, maƙwabciyata, ta miƙe zani na kwancewa. "Baba, ya ƙara me? Yau kwanana uku da ruwan wankin shinkafa nake wanke kwano!"

Madam Rifkatu ta buɗe littafina. "Mama, ga gidanki nan. Akwai, akwai, akwai."

Maman Bulus ta ce, "To a rubuta ni a littafin unguwa ba ruwa, surukaina su ji?"

Can baya Malam Iro ya ɗaga hannu, cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, ni dai in za a ji tawa, kada a canja matar nan. Duk Talatar da za ta zaga washegari, kurar ruwa huɗu nake kai wa layin."

Madam ta juyo. "Maman Godiya, gaya musu kike yi za ki zo?"

Na ce, "Sallama ce, Madam."

"Gidanki fa?"

Na duba cikin bokitin. Babu abin gani a ciki, amma na daɗe ina dubawa.

An haƙa bohol a layin bayan makaranta. Mu kuma aka ce mu sake ƙirga daga farko. Kullum da safe muna cikin jerin masu jira a can, Maman Bulus a gabana, ba ta fasa cewa, "Ku matsa wa masu ruwa su wuce."

Littafin har yanzu yana hannuna, don babu wadda ta yarda ta karɓa. Yanzu ba na gaya wa kowa, sai dai a ga ƙafata. Na gane cewa in kunya ta riƙe biro, kowa a unguwa attajiri ne. Watan jiya na fara da gidana, na buɗe durom, na tarar da ƙadangare a ciki. Na rubuta "babu", har da ja masa layi.